Fargabar da ba ta barin mutum ya sake: tambayoyi da amsoshi

Ai kowa na shiga fargaba. Yaushe take zama ciwo?

Ɗalibin da zai shiga jarrabawa gobe, ko uwar da ɗanta ke kan hanya da tsakar dare, dole gabansu ya faɗi, kuma da abin ya wuce hankali zai kwanta. Ciwo shi ne fargabar da ta zauna daram wata da watanni, da dalili ko babu, har ta hana barci, ta hana fita kasuwa, ta sa mutum gudun taro. A jiki take fitowa: zuciya na dukan uku-uku, tafin hannu ya jiƙe da gumi, numfashi sama-sama, ciki na murɗawa. Wani takan taso masa farat ɗaya yana tsaye a sahu, ya tabbatar a ransa mutuwa ce ta zo, bayan 'yan mintoci kuma ta lafa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 301 ne ke fama da ita, kuma mata sun fi maza yawa.

Wa ya kamata in fara gani?

Likita, a kowane asibiti da ke kusa da kai. Ƙarancin jini, ciwon zuciya da matsalar maƙoƙo duk suna kawo irin waɗannan alamu, don haka sai an duba. Ka faɗa masa har abin da ke cikin ranka, kada ka tsaya a "ƙirjina na bugawa", domin da yawa sun yi shekaru suna shan maganin olsa da taifot alhali matsalar ba a can take ba. In da buƙata zai tura ka wajen likitan ƙwaƙwalwa, kamar a asibitocin Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Dawanau a Kano, ko na Maiduguri. Zuwa can ba ya nufin hauka. Mai fargaba yawanci ganin likita kawai yake yi, ya koma gida a ranar.

Wane magani ake bayarwa, kuma me ya sa wasu ke cewa bai yi musu aiki ba?

Waɗanda aka fi farawa da su su ne irin su sertraline, fluoxetine da escitalopram. Ba sa aiki nan take: sai an yi mako huɗu zuwa shida ana sha kullum kafin a ga amfaninsu sosai. A makon farko ma wani yakan ji tashin zuciya, ciwon kai, ko fargabar ta ɗan ƙaru. A nan ne mutane ke yar da maganin su ce na banza ne, kuma wannan na ba ni takaici, domin sauƙin na gab da zuwa. Bayan an samu lafiya akan ci gaba da sha na wata shida zuwa shekara ko fiye, sannan likita ya riƙa rage shi sannu a hankali. Yanke shi rana ɗaya na kawo jiri da rashin barci. Mai ciki ko mai shayarwa ta sanar da likita tun farko.

Abokina ya ce in sayi Valium ko Lexotan a kemis, nan take suke kwantar da hankali. Gaskiya ne?

Suna kwantarwa, kuma a nan haɗarin yake. Jiki na sabawa da su cikin 'yan makonni, ƙwaya ɗaya ta daina isa, sai biyu, ranar da babu kuwa fargabar ta dawo fiye da da. Shi ya sa likita ba ya rubuta su sai na ɗan gajeren lokaci. Haɗa su da kodin ko tiramol na iya tsayar da numfashi. Wanda ya riga ya saba kada ya daina kwatsam, domin hakan na iya jawo jijjiga. Ya je a rage masa a asibiti.

An ce ban da ƙwaya, ana maganin fargaba ta hanyar tattaunawa. Ta yaya magana kawai za ta warkar da mutum?

Ba hira ba ce, horo ne. Hanyar da aka fi gwadawa ita ce CBT, wato horon gyara tunani da ɗabi'a, wadda likitan ƙwaƙwalwa Aaron Beck ya assasa a Amurka cikin shekarun 1960. Ɗauki matar da ta daina shiga mota saboda ta taɓa jin numfashinta zai ɗauke a ciki. Masanin da ke ba da horon zai sa ta rubuta abin da ke zuwa mata a rai, su auna shi tare: an taɓa yin hakan, kin mutu? Sannan a bi mataki-mataki. Yau ta tsaya a bakin tasha, jibi ta zauna a motar da ba ta tashi ba, wani mako ta yi gajeriyar tafiya da ƙanwarta. Gudun abin tsoro shi ke ciyar da tsoron, tunkararsa kaɗan-kaɗan ke karya shi. Akan yi zama kamar 8 zuwa 20, kuma abin da aka koya na nan ko bayan an gama.

Masana sun yi mana ƙaranci. Taimakon juna zai iya cike gurbi?

Yana rage nauyi ƙwarai. A Zimbabuwe, likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata suna zama a kan benci a harabar asibitocin Harare, suna sauraron masu damuwa, suna taya su warware matsala ɗaya bayan ɗaya, kuma binciken da aka buga a 2016 ya nuna an samu sauƙi. Mu ma muna da majalisa, da zumunci, da matan Islamiyya. Abin da ake buƙata shi ne mai riƙe sirri, wanda ba zai ce "rashin tawakkali ne" ba, kuma ba zai miƙo maka ragowar ƙwayoyinsa ba.

Addu'a fa?

A yi ta, a kuma sha magani, ba sa karo da juna. A rage goro, kofi da lemon ƙarin kuzari, musamman da yamma. Amma duk wanda ya fara tunanin halaka kansa, musamman matashi ɗan ƙasa da shekara 25 da bai daɗe da fara magani ba, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar.