Malamin makarantar kuɗi ma yana buƙatar mai koya masa

A Jos, daga Unguwar Rogo zuwa Rikkos, da wuya ka ratsa layi biyu ba ka ga allon wata makarantar kuɗi ba. Mu iyaye mukan duba fenti da yunifom da motar ɗaukar yara, amma da wuya mu tambayi yaushe rabon malamin ɗanmu da zama a gaban wani yana ɗaukar karatu. Ga tambayoyin da aka fi yi mini a kan haka.

Malami yana da NCE ko digiri, wane horo kuma ya rage?

NCE ita ce mafi ƙarancin shaidar da ake karɓa don koyarwa a Najeriya. Wanda ya fito daga kwalejin ilimi ta Gindiri shekara 15 da suka wuce, manhaja ta sauya a hannunsa, jarrabawa ma ta sauya: tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta kacokan. Ga kuma masu digirin kimiyya ko tattalin arziki da rashin aiki ya kawo su aji. Sun san darasin sarai, amma ba wanda ya taɓa nuna musu yadda ake shigar da shi kan yaro ɗan shekara 9. Irin waɗannan PGDE ce hanyarsu, wato difilomar koyarwa ta bayan digiri, kuma Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, mai hedikwata a Kaduna, tana yin ta a cibiyoyinta ba tare da mutum ya ajiye aiki ba.

Doka ce ko ganin dama?

Hukumar TRCN, wadda doka ta 31 ta shekarar 1993 ta kafa, ita ke yi wa malamai rajista, na gwamnati da na kuɗi baki ɗaya. Tun 2017 sai an ci jarrabawarta ake samun rajista, ana sabunta lasisi duk shekara 3, kuma ta ɗauki ƙarin horo a matsayin wajibi. Sai dai bitar da hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, UBEC, ke ɗaukar nauyi ta hannun takwarorinta na jihohi, SUBEB, malaman gwamnati aka fi yi wa. Na makarantar kuɗi, nauyinsa yana wuyan mai makaranta.

Ke nan sai an kama otal an gayyato masana?

A'a. Bitar kwana ɗaya da ake raba jaka da satifiket tana da nata amfani, amma yawanci kafin sati biyu ta bi ruwa. Na fi gaskata abin da ake yi a cikin makaranta duk mako. Na taɓa roƙon wata tsohuwar malama ta zauna a bayan ajin wata sabuwa, ba komai a hannunta sai biro da takarda. Duk yaron da aka yi wa tambaya sai ta ɗiga masa alama. Da aka tashi, alamun duk sun taru a benci biyu na gaba. Tsohuwar malamar ta ja sabuwar gefe ta ce, "Ƙanwata, kin lura yarinyar nan ta bakin taga ba ta buɗe baki ba yau?" Sabuwar ta yi shiru, don wallahi ba ta lura ba. Washegari ta sauya wa yaran wurin zama, ta fara kiran suna daga baya. Wannan bai ci ko sisi ba. Abin da yake ci shi ne lokaci, da amanar cewa abin da aka gani ba zai koma takardar gargaɗi ba. Da zarar malamai sun ji ƙamshin tuhuma, darasin ado za su riƙa yi a ranar da aka shigo.

Mai makaranta kan ce: in na kashe kuɗi na horar da malami ya tafi fa?

Wannan tsoron gaskiya ne, Alhaji, amma galibi ba horo ke korar malami ba. Albashin da ke makara ne, da wanda ake yankewa lokacin dogon hutu. Idan ka biya masa kuɗin PGDE, ku rubuta yarjejeniya a gaban shaidu cewa zai yi maka shekara 2 bayan ya gama, kai kuma ka ƙara masa wani abu ranar da ya kawo takardar.

Mu iyaye me za mu iya yi?

A taron iyaye da malamai na zango mai zuwa, bayan an gama maganar ƙarin kuɗin makaranta, ku ɗaga hannu ku tambayi shugaban makaranta: malamai nawa ke da rajistar TRCN, kuma wace rana a mako suke zama su duba aikin juna? Ku nemi ya faɗi ranar da sa'ar.