Yadda "Uncle Tom" ya zama zagi a Amurka

A wajenmu, wanda ya kira dattijo kawu ko baffa, girmama shi ya yi. A jihohin kudancin ƙasar Amurka kuwa, a zamanin bauta da shekaru masu yawa bayansa, fararen fata ba sa kiran baƙar fata "Mista", don kada a ɗauka matsayinsu ɗaya. Bawa in ya tsufa sai su riƙa ce masa "Uncle", tsohuwa kuma "Aunt". A kunne kamar zumunci ne, amma manufar ita ce a hana shi girman da ake ba farar fata.

A 1852 Harriet Beecher Stowe ta fitar da littafinta Uncle Tom's Cabin, wanda aka sayar da kwafi kusan 300,000 a Amurka cikin shekarar farko. Abin da mutane da yawa suka manta shi ne, Tom na cikin littafin ba matsoraci ba ne. Ubangidansa Simon Legree ya sa aka yi ta dukansa har rai ya yi halinsa, saboda ya ƙi faɗin inda wasu bayi mata biyu suka ɓuya. Masu wasan kwaikwayo ne suka ɓata masa suna. A lokacin doka ba ta hana ɗaukar littafin wani a mayar da shi wasa ba tare da izini ba, sai ƙungiyoyi suka yi ta yawo gari-gari, galibi da fararen 'yan wasa da suka shafa baƙi a fuska, suna nuna Tom a matsayin tsoho mai rawar jiki, mai "ranka ya daɗe" ga duk wani bature. Wannan Tom ɗin shi ya zauna a zukatan jama'a.

Zuwa ƙarni na 20, sunan ya koma zagin ɗan amshin shata, wanda ke sayar da 'yan uwansa don neman gindin zama. A cikin jagororin fafutukar 'yancin baƙar fata, Malcolm X ya jefi Martin Luther King da shi. Muhammad Ali ma ya yi ta amfani da shi: a Houston a 1967, yana kirɓar Ernie Terrell a dambe yana ce masa "Uncle Tom", yana tambayarsa "Mene ne sunana?", domin Terrell ya nace da kiransa da tsohon sunansa, Cassius Clay. Daga baya ya liƙa wa Joe Frazier sunan "Uncle Tom" gabanin karawarsu ta 1971, kuma a ganina nan Ali ya wuce gona da iri, don Frazier ɗan manoma ne daga Carolina ta Kudu da ya taso cikin talauci.

Har a kan buhun shinkafa kalmar "Uncle" ta jima. Bayan kisan George Floyd, baƙar fatan da ɗan sanda ya kashe a Minneapolis a Mayun 2020, kamfanin Mars ya cire hoton dattijon nan baƙar fata daga shinkafar Uncle Ben's, ya sauya mata suna zuwa Ben's Original.