Hatsarin Manyan Motoci a Nijeriya

Hatsarin manyan motoci shi ne duk wani haɗarin hanya da ya haɗa da motar dakon kaya mai nauyi: tirela, tankar mai, tifar yashi, motar kwantena, ko gingimarin da ke jigilar shanu da hatsi daga Arewa zuwa Kudu. Waɗannan motoci ba su kai ƙananan motoci da babura yawa a kan titi ba, amma idan suka yi hatsari ɓarnar takan yi muni, kuma galibin waɗanda ke mutuwa ba mutanen cikin babbar motar ba ne. Fasinjojin bas ne, da ɗan acaɓa, da mai talla a bakin titi, da mutanen garin da motar ta faɗi a cikinsa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna cewa kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hatsarin hanya duk shekara, kuma idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ce abin ya fi yi wa muni.

Nauyi, gudu da birki

Asalin matsalar nauyi ne. Ƙaramar mota ba ta cika wuce tan ɗaya da rabi ba. Litar fetur ɗaya kuwa tana kai kusan kashi uku cikin huɗu na kilo, don haka tanka mai lita 33,000 tana ɗauke da tan 24 zuwa 25 na mai zalla, mai lita 60,000 kuma kusan tan 45, ban da nauyin kan motar da na tankin. Irin wannan kaya ba ya tsayawa don an taka birki. Idan aka ninka gudu sau biyu, tazarar da mota ke buƙata kafin ta tsaya takan ninku kusan sau huɗu. Wannan ne ya sa direban bas da ya sha gaban tirela ya tsaya ɗaukar fasinja yake jefa kansa da mutanensa cikin halaka, ko da direban tirelar ya gan shi sarai.

A doguwar gangara, idan direba ya dogara da birki kaɗai, birkin yakan yi zafi har ya daina kamawa. Shi ne abin da ake cewa birki ya shanye ko ya tsinke. Tsofaffin direbobi sun san maganinsa, wato a saka mota a ƙaramar giya tun daga saman tudu a bar inji ya riƙe ta. Yaron mota da aka miƙa wa sitiyari don maigida ya ɗan runtsa ba lallai ya san haka ba.

Tanka tana da nata hali na daban. Kayanta ruwa ne, yana motsi. Idan ta sha kwana da gudu man yakan kwarara gefe guda ya ja motar, idan ta taka birki ya bugo gaba. Tankin da bai cika ba ya fi cikakke wannan haɗari, shi ya sa ake rarraba cikin tanki da shingayen ƙarfe. Motar kwantena kuma matsalarta rashin ɗauri ne: a Janairun 2023 wata kwantena ta suɓuce a gadar Ojuelegba da ke Legas ta danne wata bas, mutum tara suka mutu.

Akwai kuma wuraren da direban babbar mota ba ya gani ko da madubinsa lafiya lau, musamman dab da gaban motar, da bayanta, da gefen da ba na direba ba. Ƙa'idar da direbobi ke faɗa mai sauƙi ce: in ba ka hango fuskar direba a madubinsa ba, shi ma bai gan ka ba.

Me ya sa suka cika hanya

A da, jirgin ƙasa ne ke ɗaukar kaya masu nauyi tsakanin Legas da Kano, man fetur kuma ana tura shi ta bututu zuwa defo-defo a sassan ƙasa. Da layin dogo ya lalace, masu fasa bututu suka addabi bututun, matatun mai na gwamnati irin ta Kaduna suka daina aiki, sai kusan komai ya koma kan kwalta. Tankar da za ta kai mai Maiduguri ko Sakkwato daga Legas ko Fatakwal sai ta yi kwanaki a hanya. Nauyin da ya wuce ƙima yana farfasa titi, titin da ya farfashe yana kayar da motoci, haka abin ke ta zagayawa. Garuruwa irin su Tafa da Mararrabar Jos sun zama zangon tireloli, inda ake jera su a bakin titi har hanyar ta matse.

Gobarar tankoki

Hatsarin da ya fi cin rayuka shi ne na tankar mai, kuma kusan kullum salonsa ɗaya. Tanka ta faɗi, mai ya fara malala a kwalbati, labari ya bazu, mutane su fito da jarkoki da bokitai da robobi. Faɗuwar kanta sau da yawa ba ta kashe kowa. Wutar da ke biyo baya ce ke kisa. Ba ruwan fetur ne ke fara kamawa ba, tururinsa ne, kuma tururin ya fi iska nauyi, don haka yakan kwanta a ƙasa ya bi rami da magudana ya yi nisa da motar. Tartsatsi kaɗan ya ishe shi: tayar da babur, guntun sigari, ko gogar ƙarfe da ƙarfe. Wanda kayansa suka jiƙe da mai ba shi da wurin gudu.

A daren 15 ga Oktoba 2024, wata tanka da ta taso daga Kano za ta Nguru ta ƙwace wa direbanta ta faɗi a garin Majiya, cikin ƙaramar hukumar Taura a Jihar Jigawa. Jama'a suka taru ɗibar mai, wuta ta tashi, sama da mutum 150 suka rasu, aka yi wa da dama jana'iza a kabari ɗaya washegari. Asibitocin Ringim da Haɗeja suka cika da masu ƙuna, adadin mamata ya yi ta ƙaruwa a kwanakin da suka biyo baya. Wata uku bayan haka, ranar 18 ga Janairu 2025, irin wannan ta sake faruwa a mahaɗar Dikko da ke Jihar Neja, kusa da Suleja. Tankar tana ɗauke da lita 60,000, kuma rahotanni sun ce janareta da aka kunna don juye man cikin wata tankar ce ta tayar da wutar. Sama da mutum 80 suka mutu.

Abin ba sabo ba ne, ba kuma Nijeriya kaɗai ya shafa ba. An yi na Okogbe a Jihar Ribas a Yulin 2012, inda mamata suka haura 100. A Mayun 2019 wata tanka ta kife kusa da filin jirgin saman Yamai, fiye da mutum 55 suka ƙone. Sai dai tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024. Jarka guda ta zama kuɗin cefanen kwanaki. Masu ɗora laifin duka a kan kwaɗayi ko jahilci sukan manta da wannan lissafi, ko da yake lissafin ba ya rage wa wutar zafi.

Mutane a kan kaya

Wata al'ada da ta fi yawa a Arewa ita ce hawa tirela saboda arha. 'Yan cirani da fatake sukan zauna a saman buhunan masara ko albasa, ko a kan katakon da aka gicciya bisa shanu. Babu abin riƙo, babu rufi. Idan motar ta kife, kayan ne ke danne su. A Satumbar 2024, a yankin Agaie na Jihar Neja, wata tankar mai ta yi karo da motar da ta haɗa mutane da shanu, mutum aƙalla 48 suka mutu tare da dabbobin.

Direba da doka

Direban babbar mota yakan yi tuƙin dare don kauce wa cunkoso da zafin rana, yana gaggawar sauke lodi ya koma. Gyangyaɗi na daga cikin manyan abubuwan da ke kayar da su, wasu kuma sukan kore barci da ƙwayoyi irin su tiramol, abin da ke ƙara dagula hankali. Tsofaffin tayoyi da rashin fitilar baya sun zama ruwan dare. Motar da ta lalace a tsakiyar titi sau da yawa ganyaye kawai ake yayyafawa a bayanta a matsayin alama, kuma da daddare ba a ganin ganye sai an iso kansa.

An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, a 1988 zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, Farfesa Wole Soyinka ne shugabanta na farko. Dokar hanya ta taƙaita gudun tirela da tanka zuwa kilomita 60 a awa a kan babban titi mai tagwayen hannu, kuma daga Fabrairun 2017 hukumar ta fara tilasta wa motocin haya sanya na'urar taƙaita gudu. Bayan gobarar Dikko, hukumar kula da sufuri da rarraba man fetur, NMDPRA, ta haramta loda wa tankoki masu lita 60,000 mai daga 1 ga Maris 2025. Ƙungiyar masu motocin, NARTO, ta koka da asarar jarin da mambobinta suka zuba a irin waɗannan tankoki, ta kuma nuna cewa lalacewar hanyoyi na da hannu a faɗuwar motocin.