Magani ɗaya, hanta kowa da tasa

"Ni fa ƙwayar nan ba ta yi min komai ba, amma yayata guda ɗaya ta sha ta yi ta barci har la'asar." Wata mata ce ta faɗa min haka a Tudun Wada, tana juya kwalin maganin ciwo mai ɗauke da kodin a hannunta. Ta riga ta yanke hukunci cewa jabu aka sayar mata a kemis. Na duba kwalin, ba jabu ba ne. Hantarta ce ba irin ta yayarta ba.

Shi kodin, yadda aka haɗiye shi ba ya kashe ciwo sosai. Sai ya isa hanta, wani sinadari da likitoci ke kira CYP2D6 ya mai da wani kaso nasa mofin, wato maganin ciwo mai ƙarfi, sannan ciwon ya lafa. Ƙarfin wannan sinadari gado ne daga uwa da uba, kamar tsawo ko launin fata. Wani nasa ba ya aiki, ko kuma yana tafiyar hawainiya, sai ya sha kodin ya tashi da ciwonsa, ga tashin zuciya da taurin bayan gida a banza. Wani kuwa ya gaji ƙwayar halittar ninki biyu ko fiye, hantarsa ta riƙa zubo mofin cikin jini da sauri har numfashi ya ja baya. A Habasha, binciken 1996 ya gano kusan mutum 29 cikin 100 irin wannan ninkin suka gada. Kuma ba a gane su a fuska.

Tiramol ma ta wannan hanyar yake bi. Shi ya sa gabana ke faɗuwa idan na ji saurayi na cewa guda biyu ba ta "kama shi", sai ya ƙara. Wanda hantarsa ke jinkiri, ƙarin ba zai ba shi sauƙin da yake nema ba, taruwa maganin zai yi a jini, ƙarshe jijjiga ta kayar da shi a bakin titi.

A 2018 gwamnatin tarayya ta hana shigowa da haɗa maganin tari mai kodin, saboda shaye-shaye. Amma ƙwayoyin ciwo masu kodin da tiramol suna nan cikin jakunkunan mutane, ana miƙa wa maƙwabciya don tausayi.

Masu shan maganin tarin fuka, irin waɗanda ke zuwa asibitin tarin fuka da ke Saye a Zariya, su ma suna da nasu. Wani sinadarin hanta daban ne ke sarrafa isoniyazid, ɗaya daga cikin magungunan tarin fuka, kuma wanda nasa ke jinkiri ya fi saurin jin zafi da tsikari a tafin ƙafa. Kada a daina shan maganin, a gaya wa ma'aikacin lafiya, akwai bitamin B6 da ake haɗawa da shi.

Inda na fi damuwa shi ne masu jego. Mofin yana bin ruwan nono. Tun 2017 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta hana ba wa yara ƴan ƙasa da shekara 12 kodin da tiramol, ta kuma gargaɗi masu shayarwa su guje su. Idan uwa ta riga ta sha, sai jariri ya yi ta barci ana tashinsa ba ya tashi, ya ƙi kama nono, jikinsa ya saki, numfashinsa ya yi ƙasa, to a goya shi zuwa asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne, a tafi da kwalin maganin a hannu.