Waiwaye: Yadda kuɗin hayar marasa matsuguni ya haɗa biranen Amurka faɗa da gwamnatin tarayya

A ranar 13 ga Nuwamban 2025, ma'aikatar gidaje da raya birane ta Amurka, wadda aka fi sani da HUD, ta fitar da sabbin sharuɗɗan rabon kuɗin tallafa wa marasa matsuguni, kimanin dala biliyan 3.9. Sharaɗi ɗaya ne ya tayar da ƙura: kada wani yanki ya kashe fiye da kashi 30 cikin ɗari na kasonsa a kan gidajen zama na dindindin. Kafin nan kusan kashi 87 ne ke tafiya can. Magadan gari da shugabannin gundumomi suka yi ca, domin lissafin da ya fito daga cikin ma'aikatar kanta ya nuna mutum 170,000 na iya komawa kwana a titi. Tushen rigimar ya haura shekara arba'in.

Har zuwa farkon shekarun 1980, gwamnatin tarayya ba ta ɗauki mai kwana a waje a matsayin nauyinta ba. Aikin coci-coci ne da ƙungiyoyin agaji da hukumomin birni. Sai abubuwa suka haɗu wuri guda. Asibitocin masu taɓin hankali na jihohi, waɗanda a 1955 ke riƙe da mutum fiye da 550,000, an yi ta sallamar mutanensu ba tare da an gina isassun cibiyoyin kulawa a unguwanni kamar yadda aka yi alkawari ba. An rusa tsofaffin otal-otal masu ɗaki ɗaya da talaka ke iya biya. Ga karayar tattalin arziki ta 1981 zuwa 1982, ga gwamnatin Ronald Reagan tana zaftare kasafin gidaje masu rahusa.

Wanda abin ya fara faɗo wa shi ne magajin gari, tunda a bakin ofishinsa da tashoshin garinsa ake shimfiɗa kwali a kwanta. A Oktoban 1982 ƙungiyar magadan garin Amurka ta fitar da binciken birane 55 da ya nuna abinci da wurin kwana na gaggawa sun yi ƙaranci matuƙa. A 1983 majalisa ta ware dala miliyan 50 ta hannun hukumar agajin gaggawa, wato an ɗauki matsalar kamar ambaliya ce da za ta wuce. Reagan ma ya faɗa a talabijin a 1984 cewa wasu masu kwana a titi su suka zaɓi hakan. A shekarar ce ɗan gwagwarmaya Mitch Snyder ya yi yajin cin abinci na kwana 51 a babban birnin ƙasar, bai daina ba sai kwana biyu kafin zaɓe, bayan Reagan ya amince a gyara wani ginin gwamnati ya zama masauki.

Dokar tarayya ta tallafa wa marasa matsuguni ta zo a Yulin 1987, aka sa mata sunan Stewart McKinney, ɗan majalisa na Rifablikan daga Connecticut da ya tsaya mata, har ya kwana a waje cikin sanyin Maris don jawo hankali, ya kuma rasu a watan Mayu kafin a sa mata hannu. A 2000 aka ƙara sunan Bruce Vento na jam'iyyar Dimokurat. Tun asali ba dokar jam'iyya ɗaya ba ce.

Tsarin da ake faɗa a kansa yau, mai suna Continuum of Care, ya samo asali ne a tsakiyar shekarun 1990. HUD ta ce ta gaji da kowace ƙungiya ta kawo takardarta ita kaɗai. Kowane yanki ya zauna ya tsara buƙatunsa, ya jera ayyukansa bisa muhimmanci, ya shigar da takarda ɗaya. Yankunan sun kusa 400, kuma dokar 2009 da Barack Obama ya sa wa hannu ta tabbatar da tsarin. A nan gizo ke saƙa. Gasa yankunan ke yi a kan kuɗin lokaci bayan lokaci, alhali mafi yawansu ba na sabon aiki ba ne. Kuɗin haya ne na mutanen da aka riga aka saka a gida, da albashin masu bibiyar lafiyarsu. Mai gida kuwa duk ƙarshen wata yake miƙo hannu, babu ruwansa da ko an kammala tantance takardu a ma'aikata.

Gidajen dindindin sun cinye kaso mafi tsoka ne saboda gwamnatin tarayya da kanta ta tura birane can. A da, sai mutum ya daina shaye-shaye, ya karɓi magani, ya wuce matakai kafin a ba shi makulli. A 1992 wani masanin halayyar ɗan adam, Sam Tsemberis, ya juya tsarin a birnin New York: a fara ba shi gida, magani ya biyo baya ba tare da tilas ba. Gwamnatin George W. Bush ce ta rungumi wannan, jami'inta Philip Mangano ya yi ta zagaya birane yana shawo kan magadan gari su rattaba hannu kan shirin shekara goma na kawo ƙarshen rashin matsuguni. Hujjar da ya fi amfani da ita ta aljihu ce: barin mutum a titi yana yawo tsakanin ɗakin gaggawa na asibiti da gidan yari shi ma kuɗi yake ci. Tsofaffin sojoji marasa matsuguni sun ragu da fiye da rabi daga 2010, birnin Houston kuma ya rage nasa adadin da fiye da kashi 60 daga 2011.

Masu suka ba su rasa abin faɗa ba. Ƙidayar marasa matsuguni ta dare ɗaya da ake yi duk Janairu ta sauko daga kimanin 647,000 a 2007 zuwa 550,000 a 2016, sannan ta haura 771,480 a 2024. Mai binciken kuɗi na jihar Kalifoniya ya gano jihar ta kashe kusan dala biliyan 24 cikin shekara biyar ba tare da bin diddigin sakamako yadda ya kamata ba. Sai dai a ganina ɗora laifin hauhawar a kan gidajen dindindin rashin adalci ne. Tsadar haya ce ke kwararo sababbin mutane titi fiye da yadda ake kwashe su, kuma wani ɓangare na ƙarin 2024 masu neman mafaka ne da suka cika masaukan New York da Chicago da Denver, ciki har da 'yan Afirka ta Yamma.

Iska ta juya a Yunin 2024, lokacin da kotun ƙoli a shari'ar garin Grants Pass ta ba birane damar hukunta masu kwana a fili. A ranar 24 ga Yulin 2025 Donald Trump ya sa hannu kan umarnin janye goyon baya daga tsarin fara ba da gida, a karkata ga masaukan wucin gadi da magani na dole. Sharuɗɗan Nuwamba aiwatar da wannan umarni ne.

Shugabannin yankuna suka kai kuka majalisa, inda har wasu 'yan Rifablikan suka nemi a sabunta tallafin na shekara guda yadda yake. Suka kuma garzaya kotu. Jihohi kusan ashirin sun shigar da ƙara a kotun tarayya da ke jihar Rhode Island, sai birane irin su Boston, San Francisco, Nashville da Tucson, da gundumomin King da Santa Clara, suka biyo baya tare da ƙungiyoyin agaji. A ranar 8 ga Disamba, ana dab da zaman kotu, HUD ta janye sanarwar tana cewa za ta yi mata gyara. Hakan bai hana mai shari'a Mary McElroy, wadda Trump ne ya naɗa ta a 2019, dakatar da sauye-sauyen a ranar 19 ga watan ba, a daidai lokacin da wa'adin tallafin wasu yankuna ke shirin ƙarewa a Janairun 2026.