Waiwaye: Asalin fargabar tururin allon talabijin da na kwamfuta

Muhawarar da ake yi a zaurukan WhatsApp na Kaduna kan tururin da allon talabijin da na kwamfuta ke fitarwa takan tashi ne daga bidiyo iri ɗaya. Mutum ya buɗe wata manhaja a wayarsa, ya kanga ta a jikin akwatin, lambobi su yi tsalle, sai a shiga gargaɗin iyaye su raba yara da kallo. Wasu kan ce fitinar zamani ce, alhali maganar ta girmi yawancin masu yaɗa ta.

Gidan talabijin na Kaduna ya fara aiki a 1962, kuma akwatunan wancan lokaci duk masu ƙeya ne, wato masu kwalbar gilashi da ke harba ƙwayoyin lantarki zuwa fuskar allo. Na kala kan yi aiki da ƙarfin wuta kusan bolt 25,000. A 1967 aka gano wasu manyan akwatuna a Amurka suna zubar da irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, kuma a 1968 ƙasar ta yi dokar taƙaita hakan. Tun daga nan kashedin nan na "matsa baya daga gaban talabijin" ya sami gindin zama. A 1985 kuma Wim van Eck, wani mai bincike ɗan ƙasar Holan, ya nuna cewa ana iya kama siginar da allon kwamfuta ke zubarwa daga nesa, har a karanta abin da ke rubuce a kansa.

Abin da ba a cika ambata ba shi ne wanda ya faru a Suwidin. Sa'ad da kwamfuta ta cika ofisoshi a shekarun 1980, ma'aikatan da ke wuni gaban allo, musamman mata masu juna biyu, suka nuna damuwa. Maimakon a tsaya ga cacar baki, a 1990 aka fito da ƙa'idar awo da ake kira MPR II, sannan a 1992 haɗaɗɗiyar ƙungiyar ƙwadago ta ma'aikatan ofis, TCO, ta kawo tata mai tsauri fiye da ta farko. Ƙa'idar ta 1990 ta fayyace cewa za a yi awon ne a nisan santimita 50 daga allo, a kewaye shi ta kowane ɓangare, a kuma raba tururin gida biyu gwargwadon saurin kaɗawarsa. A rukunin mai kaɗawa a hankali, ƙarfin maganaɗisu ba zai wuce nanotesla (ma'aunin ƙarfin maganaɗisu) 250 ba, a ɗayan kuma 25. Ba a ɗora waɗannan lambobi a kan wata cuta da aka tabbatar ba. An duba ne iya abin da masana'antu za su iya ragewa, aka ce to su rage. Cikin 'yan shekaru masu ƙera allo suka bi, domin masu saye sun fara neman tambarin da ke nuna an cika ƙa'idar.

Allunan kwamfutan gwanjo da suka cika shagunan buga takardu a garin nan daga baya, da yawansu sun zo da wannan ɗan tambari manne a goshi, sai dai da wuya a sami wanda ya tambayi ma'anarsa. Kayan sun iso mana, tsoron ma ya iso, amma ilimin yadda ake awon bai biyo su ba, kuma a ganina nan ne tushen ruɗanin yau.

Wayar hannu tana auna maganaɗisu ne da ɗan abin da ke nuna mata arewa, wanda manhajar alƙibla ke dogara da shi. Ko a tsakar gida aka ajiye ta, nesa da duk wani kayan wuta, za ta nuna maikirotesla talatin da wani abu (maikirotesla ɗaya nanotesla dubu ce), domin ƙasa kanta tana da maganaɗisu tsakanin 25 da 65. Wannan ya ninka iyakar Suwidin fiye da sau ɗari, amma tsayayye ne, ba ya kaɗawa, don haka kwatancen bai ma taso ba. Tsallen da lambobi ke yi a jikin talabijin kuwa, galibi maganaɗisun lasifika ne. Haka nan idan tasta ta kama wuta a jikin ƙarfen akwatin, abin da ya kamata a kira mai gyaran wuta ya duba shi ne wayar da ke sauke wuta ƙasa, wadda gidaje da dama ba su da ita.

Talabijin na bango da aka koma saye ba shi da waccan kwalba, ba ya kuma fitar da hasken hoton ƙashi. Wanda ya sami na'urar awo ta gaskiya ya zagaya falonsa yana tsayawa a nisan rabin mita daga kowane abu, zai fi ganin lambobi sun motsa kusa da sitabilaizan da ke gurnani a ƙarƙashin tebur fiye da gaban allon da ake zargi.