Makarantar da ta ce ɗalibanta sun ci WAEC ɗari bisa ɗari, a yarda da ita?

Wai daga ina ake samo wannan kason da makarantu ke liƙawa a bakin get?

Lissafin ba wani wahala gare shi ba. WAEC da NECO suna ba da sakamako daga A1 har F9, kuma daga A1 zuwa C6 shi ake kira kiredit. Sai a ƙirga yara nawa suka samu kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, tunda su jami'a ke nema, a gwada da yawan waɗanda suka zauna jarabawar. Shi ke nan fa. Da irin wannan ne ma ake jera jihohi, a ce wance ta zo ta ɗaya wance ta zo kurar baya.

To in kason ya yi sama, ba makarantar ce ta iya koyarwa ba?

Wani lokacin haka ne, amma ka fara tambaya su waye suka shiga ɗakin jarabawar. A ce aji shida na sakandare yara 100 ne, makaranta ta tace ta yi wa 60 rajista ta ce sauran su maimaita ko su nemi wata santa, in 60 ɗin nan suka ci ai za ta rubuta ɗari bisa ɗari kuma ba ta yi ƙarya ba, su 40 ɗin ne dai babu mai cigiyarsu. Ko a Kano gwamnati kan yi kwalifayin, wato jarabawar tantancewa, kafin ta biya wa ɗalibai kuɗin NECO, to yaron da ya faɗi kuma mahaifinsa ba hali, ba ya cikin waɗanda suka ci ba ya cikin waɗanda suka faɗi. Wallahi wannan ya fi damuna, don su ne suka fi buƙatar a san halin da suke ciki.

Sannan makarantar kuɗi da tun a ƙofa take ɗaukar yara masu ƙoƙari, ga lesin a gida ga littattafai, ba adalci ba ne a gwada ta da ta gwamnati da ta karɓi yaron da ya gama firamare bai iya haɗa baƙi ba. Malamin da ya ɗago wannan yaron har ya kai D7 ya yi aiki ba kaɗan ba, amma a wancan lissafin faɗuwa ce.

Satar amsa fa?

Ita ma tana kumbura kaso. Kowa ya san santocin da ake biya a rubuta wa yara amsa a allo, WAEC ma duk shekara sai ta riƙe sakamakon wasu saboda zargin maguɗi, amma ba duka ake kamawa ba.

Babu wata hanyar awo da ta fi wannan ne?

Akwai ƙoƙari. A Ingila tun 2016 suka fito da wani awo da ke duba inda yaro yake a ƙarshen firamare da inda ya kai a ƙarshen sakandare, wato abin da makarantar ta ƙara masa. Ya fi adalci, sai dai shi ma jarabawa kawai yake gani, bai san tarbiyya ba, bai san ko yara na tsoron malamansu ba.

Ni da zan sa yaro makaranta me zan duba?

Ka nemi sakamakon shekaru da dama, kar ka tsaya a na bana kaɗai. Ka tambaya yara nawa ne a aji shida kuma nawa aka yi wa rajista. Ka leƙa lokacin karatu ka ga yawan yara a aji, ka buɗe littafin wani ɗalibi ka ga ko malami na duba aiki, sannan ka ji ta bakin iyayen da yaransu suka gama a nan, ya suka kaya da JAMB.